Yaƙi Da Satar Fasaha: A Kama Ɓarawo, Amma A Bar Mana Sirrin Wayoyinmu

Daga wakiliyarmu a Katsina

 

Duk wadda ta taɓa bi ta Ƙofar Sauri a birnin Katsina bayan sallar La'asar ta san irin 'yan rumfunan nan na bakin titi. Za ki ga ƙaramin janareta yana ta ƙugi, ga allon katako an jera masa wayoyi ana caji, ga saurayi ya duƙufa a gaban kwamfuta, yara kuma sun yi masa dafifi. Yawancin yaran nan mu ne muka aiko su daga cikin gida. Memori na ƙulle a leda, ga 'yar takarda an rubuta sunayen abin da ake so: sabon fim, fassarar Indiya, waƙar biki, karatun littafi, wani lokacin har da wa'azi. A ba da 'yan canji, a turo, uwargida ta samu abin kallo bayan ta sauke tukunya. Wannan sana'a ita ake kira turi, kuma da wuya ki samu unguwar da babu ita.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani al'amari da ya faru da maƙwabciyata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, babban ɗanta ya gama sakandare babu abin yi, sai ta kwashi adashinta ta haɗa da kuɗin akuya ta saya masa tsohuwar kwamfuta ya kafa rumfa. Da ita ake cefane, da ita ake biyan kuɗin Islamiyyar ƙannensa. Wata rana da hantsi wasu mutane suka tsaya a rumfar suka ce su jami'ai ne masu kamen satar fasaha. Ba su nuna takarda ba, shi ma tsoro bai bar shi ya tambaya ba. Suka ɗauke kwamfutar da wayarsa, har da wasu wayoyin jama'a da aka kawo caji.

Da ta shigo wurina da dare, na zaci asarar jari ce za ta sa ta kuka. Ashe ba ita ba ce. A cikin kwamfutar akwai hotunan bikin 'yarta, na ranar lalle da na kamu, mata zalla a tsakar gida babu mayafi. Ɗaya daga cikin wayoyin da aka kwashe kuma ta wata matar aure ce a layinmu, wadda mijinta ke aiki a kudu, saƙonninsu duk suna ciki. Bayan kwana huɗu aka maido da kayan, bayan an yi ta kai-kawo da ban-baki. To amma wa ya buɗe me a cikin kwanakin nan huɗu? Wa ya kwafi me? Har yau babu mai amsa. Ta yarda ɗanta na tura fina-finan da ba nasa ba. Abin da ta kasa ganewa shi ne yadda laifinsa ya halatta wa baƙo kallon 'yarta.

Daga kaset zuwa memori

Masu shekaru irin nawa za su tuna cewa harkar fim ɗin Hausa a kaset ta faro. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da ya shiga kasuwa. Daga nan kasuwa ta buɗe. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata a Kano su ne ke rarraba kaya, dillalai su ɗauko zuwa Katsina da Funtuwa da Daura, har a tsallaka da su ta Jibiya zuwa Maraɗi. Ko a wancan lokacin ana gurza kaset ba da izini ba, sai dai aikin na cin lokaci, kuma duk kwafin da aka yi hotonsa na raguwa.

Da faifan CD ya maye gurbin kaset sai gurzawar ta yi sauƙi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan wasu shekaru kuma aka samu wayoyi masu ɗaukar memori. A nan ne kasuwar faifai ta durƙushe, domin fim ya tashi daga abin da ake riƙewa a hannu ya koma abin da ake turawa cikin minti biyu, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Mutum ɗaya ya saya, gari guda ya kalla. Shagunan faifai da dama suka rufe, furodusoshi da yawa suka bar sana'ar.

Waɗanda suka rage sai suka canza hanya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa. A 2020 aka fara Izzar So da Labarina, kuma daga lokacin masu fim suka rungumi YouTube, inda yawan masu kallo ke kawo musu kuɗin talla. Amma ko a can ba su tsira ba. Da zarar an saki kashi, sai wani ya sauke shi ya bi rumfuna da shi, dubban mutane su kalla ba tare da an lissafa wa mai shi ko mutum ɗaya ba.

Wa ake cuta?

Mu kan ɗauka jaruman da muke gani cikin manyan motoci su ne ke asara, mu ce ai ba za su ji a jikinsu ba. Gaskiyar magana, fim ɗaya na ciyar da mutane da yawa waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba: marubucin labari, mai ɗaukar hoto, mai haɗa sauti, mai kwalliya, tela, direba, da matar da ke dafa wa ma'aikata abinci a wurin ɗauka. Idan furodusa bai mayar da kuɗinsa ba, waɗannan su ne ke fara zaman gida.

Abin ya fi kusa da mu ma idan aka zo kan littattafai. Mu mata mu ne marubutan, mu ne kuma makarantan. Tun zamanin su Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, rubutu ya zama sana'ar da mace ke yi daga ɗakinta ba tare da ta fita ba. A yau matasan marubuta mata a waya suke rubutu, a waya suke sayarwa. Sai ki ga baiwar Allah ta raba dare tana bugawa da ɗan yatsa, goyo a baya, ta sa wa littafin ɗan farashi, amma kafin gari ya waye wata ta saya ta watsa shi a zaurukan WhatsApp kyauta. Wani kuma ya ɗauka ya karanta da murya ya ɗora a intanet yana karɓar kuɗin talla, ko sunanta bai ambata ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa aka turo mana irin wannan muka karanta, har muka tura wa ƙawa?

Ta fuskar addini malamai sun daɗe da yin magana. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye wa masu su, bai halatta a keta su ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i kuma ta hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Saboda haka babu mai cewa a ƙyale satar fasaha. Sai dai Alƙur'anin da ya kare dukiya shi ne ya kare sirri. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Wayar mace a yau kuwa ta fi akwatin ɗakinta ɗaukar sirri.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya na da hukumar da aka ɗora wa wannan aiki, wato Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCC. Dokar soja mai lamba 47 ta 1988 ce ta haife ta, ta fara aiki a 1989. A 2005 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da wani shiri na musamman na yaƙi da satar fasaha, aka yi ta kai samame kasuwanni ana kwashe faifai. Amma tsohuwar dokar an rubuta ta ne a zamanin kaset, ba ta san intanet ba.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Ta tanadi cewa littafi na ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, fim kuma shekara 50 daga fitowarsa. Ta ba mai haƙƙi damar rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da kayansa a intanet ya ce a sauke, wanda aka sauke wa kaya shi ma yana da damar mayar da martani. Ta kuma ba hukumar ikon toshe shafin da take da dalilin zaton yana satar fasaha. Jami'an hukumar na da ikon bincike da kama kaya, shari'ar haƙƙin mallaka kuwa hurumin Babbar Kotun Tarayya ce.

Marubuta da masu fim sun yi maraba da dokar, kuma suna da hujja. To amma a nan gizo ke saƙar. Idan hukuma ce ke zargi, ita ce kuma ke toshewa kafin alƙali ya ji ta bakin kowa, wa zai tsawata mata ranar da ta yi kuskure? Idan an ce a binciki kwamfutar mai rumfa, ina iyakar binciken? Fina-finan kawai za a duba, ko har da hotunan iyali da saƙonnin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba?

Tsarin mulkin 1999 bai yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 37 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin kansa da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin ra'ayi da karɓar bayanai. A watan Oktoba na 2020, lokacin da ƙorafi ya yi yawa a kan rundunar SARS, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya fito ya hana jami'ansa binciken wayoyi da kwamfutocin jama'a barkatai ba da izini ba. A 2023 kuma aka kafa dokar kare bayanan sirri na 'yan ƙasa. Dokoki dai ga su nan a rubuce. Matsalar ita ce yaron da ke rumfa bai san da su ba, uwarsa ma haka.

Abin da muka gani da idonmu

Ba tsoro ne na banza ba, domin mun sha ganin yadda sandar da aka yanko don abu ɗaya ke sauka a kan wani. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Bayan abin kunyar da ya girgiza masana'antar a 2007, hukumar a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta tsaurara matakai, kuma iyaye da yawa, har da ni, mun ji daɗi a farko, don kowa na son a tsabtace abin da yaransa ke kallo. Amma sai aka koma gurfanar da mutane a kotun tafi-da-gidanka, a kama mutum a yanke masa hukunci cikin gaggawa. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008. A ƙarshen Disambar 2008 aka yanke wa furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ɗauri da tara, ya shafe watanni a kurkuku kafin ya fito a 2009 bayan maganar ta je babbar kotu. Waɗannan shari'o'in tacewa ne, ba na satar fasaha ba, amma darasin ɗaya ne: kyakkyawar niyya ba ta wadatar idan aka tsallake adalcin shari'a.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ita ma an kafa ta ne don maganin 'yan damfara. Sai ga sashe na 24 na dokar ya zama abin kama 'yan jarida da masu sukar manya. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin ra'ayi, kuma a watan Fabrairu na 2024 aka yi masa gyara. Haka nan gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ta sake cewa rufewar ba ta bisa doka.

Mu Katsinawa kuwa mun ɗanɗana da kanmu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Dalilin tsaro ne, kuma babu mai musun halin da ake ciki a lokacin. Amma wadda ke da 'ya a gidan miji a can ta san yadda aka yi watanni ba a jin muryar juna, mai naƙuda ba ta iya kiran mota, mai sayar da kaya ta waya ta zauna. Sai a ƙarshen shekarar aka fara maido da layukan. Wanda ya ga wannan ya san toshe hanyar sadarwa ba ƙaramin abu ba ne, ko da wane dalili aka yi shi.

Can ƙetare ma an yi wannan ja-in-ja

A Amurka, a shekarar 2007, kotu ta ci wata uwa a jihar Minnesota tarar dala 222,000 saboda waƙoƙi 24 da aka same ta da rarrabawa ta intanet. An yi shekaru ana ɗaukaka ƙara, a ƙarshe tarar ta tabbata a kanta. Mutane da yawa, har da masu ƙin satar fasaha, sun ga horon ya wuce laifin.

A Faransa an kafa doka a 2009 wadda ta ba wata hukuma ikon yanke wa gida intanet idan an gargaɗe shi bai daina ba. Majalisar da ke kula da tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan ɓangare a watan Yuni na shekarar, ta ce alƙali ne kaɗai ke da ikon yanke irin wannan hukunci. A Amurka kuma an kawo wasu ƙudurori biyu da za su sauƙaƙa toshe shafuka. Ranar 18 ga Janairun 2012 shafin Wikipedia na Ingilishi ya rufe kansa na yini guda don nuna adawa, jama'a suka yi ca a kan 'yan majalisa, cikin 'yan kwanaki aka jingine ƙudurorin. Duk waɗannan ƙasashe ba su daina hukunta ɓarayin fasaha ba. Abin da aka yi ta jayayya a kai shi ne wa ke yanke hukunci, kuma da wane ma'auni.

To, uwargida, mene ne namu?

Na farko, mu gyara tsakaninmu da Allah. Idan marubuciya ta sa wa littafinta kuɗi, ki biya ko ki haƙura. Idan an turo miki na sata, kada ki zama tsanin da zai wuce ta kanki. Fim ɗin da masu shi suka ɗora a tasharsu ta YouTube, kallonsa a can shi ne biyansu.

Na biyu, ki raba memorin kallo da na iyali. Wanda za ki aika rumfa kada ya kasance da hoton kowa a ciki. Wayar da za a kai caji a sa mata makulli, in da hali a cire memorin. Hotunan biki na mata kuwa kada a bar su a kwamfutar sana'a, ko da ta ɗanki ce. Kuma ki riƙa duba abin da aka turo kafin ya shiga hannun yara, domin ba duk abin da ke cikin rumfa ne ya dace da gida ba.

Na uku, idan ɗanki ko ƙaninki na wannan sana'a, ki zaunar da shi. Ya nemi izinin masu kaya ko wakilansu a rubuce, ya adana takardar. Ya ƙara da abin da babu haƙƙin kowa a ciki, kamar caji da gyaran waya da sayar da kati da buga takardu, don kada abincin gida ya rataya a kan abin da za a iya kwashewa rana ɗaya.

Na huɗu, ku san haƙƙinku. Idan jami'ai suka zo, a yi musu magana cikin ladabi, kada a yi gardama ko kokawa. A nemi ganin katin shaida da takardar izinin bincike, a tambayi daga wane ofishi suke, a nemi a rubuta duk abin da aka ɗauka. A sanar da su wayoyin da ke caji na jama'a ne. Idan an tafi da mutum, tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin yini ɗaya in akwai kotu a kusa, kuma beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya zuwa Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata. A sanar da mai unguwa ma, domin ba duk wanda ya ce shi jami'i ne yake jami'i ba.

Ga hukumomi kuma, roƙonmu shi ne a fara da manyan da ke sauke kaya suna rarraba wa rumfuna, da masu shafukan da ke cin kuɗin talla da gumin wasu. A wayar wa yaran rumfa kai, a samar musu hanyar biyan masu fim cikin sauƙi kafin a zo da kame. Idan kuma binciken ya zama dole, a yi shi da takardar kotu, a gaban mai kaya, a tsaya a kan abin da aka zo nema.

Maƙwabciyata dai ɗanta ya koma rumfa. Ya goge hotunan gida daga kwamfutar, ya fara koyon gyaran waya a wurin wani maigidansa. Matar da aka tafi da wayarta kuwa ta daina aikawa da caji waje, ta gwammace ta jira wuta ko da za a kwana biyu ba a kawo ba.

Allah ya tsare mana mutuncinmu da na 'ya'yanmu, ya ciyar da mu halal, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.